Yadda ake raya itace a fako da ruwa kaɗan, ta bin dabarun aduwa da gawo

Ka fita bayan gari da azahar a ƙarshen watan Maris. Ciyawa ta daɗe da ƙonewa, rijiyoyi sun ja baya, ƙasa tana gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Amma ga aduwa can kore shar, ga tumfafiya tana fure a bakin hanya, ga awaki sun taru a gindin gawo suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Babu wanda ya ba su ko moɗa ɗaya tun ruwan ƙarshe na Satumba. Kai kuwa mangwaron da ka dasa a ƙofar gida, wanda kake wa ban ruwa safe da yamma, tafiyar kwana biyar ka yi, ka dawo ka tarar ya zama itacen girki.

Ni ma na sha wannan takaicin. Shekarar da na fara dashe a gonarmu ta gado, guda 40 na saya a ledoji, na sa yaro yana bin su kullum da gwangwani. Shida ne suka ga damina ta gaba. Da na tone ɗaya daga cikin matattun, sai na ga saiwarsa ba ta fi tafin hannu ba, ta nannaɗe kamar gammo a daidai inda gindin leda yake. Ashe ni na koya musu cewa ruwa a sama yake, suka ƙi nutsawa, bazara ta zo ta same su a nan.

Mataki na farko: gano ta inda ruwan yake fita

Kafin ka taɓa diga, yi wannan gwajin, gani ya kori ji. Samo farar leda mai garai-garai, ka zura reshen darbejiya ko na mangwaro mai ganye a ciki da hantsi, ka ɗaure bakin da zare. Ka dawo da la'asar. Za ka ga cikin ledar ya yi gumi, ruwa ya taru a kusurwa. Ka yi irin haka da ganyen alobera a rana ɗaya, da ƙyar za ka ga ɗan hazo. Sannan ka tsinki ɗanyen ganyen mangwaro ka nutsa shi a ruwan zafi cikin kofin gilashi. Ƙananan kumfa za su yi ta fitowa daga bayan ganyen, fuskar kuwa shiru.

Inda kumfan nan ke fita, ƙofofin numfashi ne. Ido ba ya ganinsu, amma a fili da bai fi ƙwayar gero ba akwai ɗaruruwansu. Ta nan tsiro yake shaƙar iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita a hasken rana, kuma duk lokacin da ya buɗe su, ruwan jikinsa yana tsere wa ya zama tururi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo ta nan yake salwanta. In ya rufe ƙofa yunwa, in ya buɗe ƙishi. Duk wata dabara ta tsiron fako, hanyar fita ce daga wannan tsaka mai wuya.

Gawo, aduwa, bagaruwa da kurna sun zaɓi su bi ruwa har gidansa. Tun suna ƙanana sukan aika uwar saiwa ƙasa kafin su damu da tsawo, kuma saiwar gawo takan wuce mita 20 in ruwa ya yi nisa. A hamadar Kalahari masu haƙa rijiya sun taɓa cin karo da saiwar wata 'yar'uwar anza a zurfin mita 68. Kuka da kariya da aguwa su kuma rumbu suka gina. Naman kuka kamar soso yake, cike da ruwa, shi ya sa ba ta yin katako kuma ba ta da daɗin hura wuta, sannan da an shiga rani sai ta zubar da ganyenta kaf, ta rufe shago. Bagaruwa da dakwara sun mai da ganyensu mitsi-mitsi, saboda ƙaramin ganye iska na saurin sanyaya shi, ba sai ya yi gumi da yawa ba. Shafa ganyen tumfafiya, wannan farin garin da ke maƙale maka a yatsa kaki ne, yana mai da hasken rana baya, yana toshe fatar ganye. Ganyen sabara toka-toka ne mai laushin gashi, na anza kuwa kamar ƙirgi. Aduwa har ƙayarta da ƙananan rassanta kore ne, ko ta rage ganye suna ci gaba da yi mata abinci.

Alobera da abarba wayonsu ya fi ba ni sha'awa. Da rana ƙofofinsu a kulle suke. Sai dare ya yi sanyi su buɗe, su shaƙi kabon su ajiye shi a cikin ruwan ganye a matsayin tsami, gari na wayewa su kulle su yi aiki da abin da suka tara. Masana suna kiran wannan tsari CAM. Ruwa kaɗan suke asara, sai dai girmansu na hawainiya ne. Karangiya da tafasa ba su ma tsaya jayayya da rani ba: su tsiro da ruwan fari, su yi 'ya'ya cikin 'yan makonni, su mutu, su bar iri a ƙasa yana barci.

Duk abin da zai biyo baya kwaikwayon waɗannan ne: nutsa saiwa, tara ruwa, toshe hanyar tururi, da sanin lokacin da za a yi barci.

Mataki na biyu: san ruwan garinku da ƙasar gonarka

Kano takan sami ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Maraɗi kusan 500, Damagaram wajen 400, Agadas kuwa ko 200 ba ta kaiwa. Itacen da zai tsaya da ƙafarsa a Zariya ba lallai ya tsaya a Nguru ba. Tambayi masu haƙa rijiya a yankinku gaba nawa suke yi kafin su tarar da ruwa, sannan ka kalli manyan itatuwan da ba wanda ya dasa. Su ne shaidun da ba sa ƙarya.

Sai ka haƙa ramin gwaji mai zurfin kamu biyu, ka cika shi da ruwa. In ya tsotse nan da nan, jigawa ce: saiwa za ta nutsa cikin sauƙi amma ƙasar ba ta riƙon ruwa, gawo, aduwa da dakwara suna sonta. In ya kwana bai tsotse ba, laka ce, bagaruwa ta fi dacewa. In kuwa diga tana tartsatsi a saman amma ƙasan da ɗan laushi, fako ke nan, wanda ruwa ke gudu a kansa kamar a kan siminti, kuma shi ne mataki na biyar zai gyara.

Kada sunan dabino ya ruɗe ka. Itacen hamada ne, amma a inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa yake zama, mashayi ne na gaske. Itacen turare ma haka, yana saurin tashi, yana kuma zuƙe danshin duk abin da ke kusa da shi. In 'ya'yan itace kake so a wuri mai ƙarancin ruwa, magarya ce abokiyar tafiya. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an daɗe ana aura reshen magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya a kan gindin magaryarmu ta gida, sai a sami saiwa mai jure fari da 'ya'ya masu shiga kasuwa.

Mataki na uku: duba kututture kafin ka sayi dashe

Wannan shi ne mafi arha, kuma shi aka fi tsallakewa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashe a yankin Maraɗi, yawancin abin da ya dasa yana mutuwa. Wata rana ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manoma suka kira aikin da ya biyo baya sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar.

Yadda ake yi: lokacin sharar gona, ka bi kututturan da suka yi toho, na gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, duk wanda kake da amfani da shi. A kowane kututture zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Adda ta kasance mai kaifi, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A rassan da ka bari, datse ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawo, kada ka wuce nan, in ka aske shi tas iska za ta karya shi. Ɗaura ƙyalle a jiki don masu neman itace su san yana da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida ka sake zagayowa ka cire sabon tohon banza. Ba ka ba shi ko ɗigon ruwa, don saiwar da za ka shekara biyar kana jira ta nutsa, shi ya riga ya mallake ta.

Sabara da kalgo kuwa ko ba su zama bishiya ba, kada ka tumɓuke su daga gonar gero. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa da dare saiwarsu takan ɗauko ruwa daga zurfi ta saki wani a busasshiyar ƙasar sama, har geron da ke kusa ya samu. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Mataki na huɗu: tashi iri daga barci, ka rene shi ba shagwaɓa

Irin gawo, bagaruwa da kuka yana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa. Da gangan ne, don kada yayyafi ɗaya ya yaudare shi ya tsiro ya mutu. A daji, bi ta cikin akuya ko saniya yana taimakawa wajen sassauta ɓawon. A gida sai ka tafasa ruwa, ka sauke shi daga wuta, ka zuba a kan irin, ka bar shi ya kwana a ciki. Wanda ya kumbura ya shirya, ka shuka shi ranar, kada ya sake bushewa. In irin ba yawa, kankare gefe ɗaya a jikin dutse har ka hango fari kaɗan, ka jiƙa a ruwan sanyi. Aduwa a cire zaƙin a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya. Magarya a fasa ƙwallon a hankali a ciro ƙwayar. Zogale ba ya buƙatar komai.

In za ka iya tsare wurin daga dabbobi, shuka irin kai tsaye a ramin da itacen zai zauna ya fi, musamman gawo da aduwa, don uwar saiwa ba ta son a taɓa ta. Zuba ƙwaya uku, in sun fito ka bar mafi ƙarfi. In dole sai leda, nemi doguwa mai siriri, ba gajera mai faɗi ba, ka fara reno wata uku zuwa huɗu kafin damina ta zauna, kada ka wuce haka. Duk mako biyu ka ɗaga ledojin ka gusa su don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

Saura mako uku a dasa, fara horo. Janye rumfar a hankali, rage ban ruwa daga kullum zuwa bayan kwana biyu, sannan uku. Ganyen zai ƙara kauri, kara ya yi tauri. In sayen dashe za ka yi, kada dogo mai yalwar ganye ya ɗauke maka ido. Gajere mai kaurin gindi wanda ya saba da rana ya fi wanda aka yi kiwonsa a inuwa.

Mataki na biyar: haƙa ramin da zai tare ruwa

Lissafi ɗaya ya kamata ka riƙe: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce. Ke nan ruwan milimita 20 a kan filin da bai fi ɗan ƙaramin ɗaki ba, mai murabba'in mita 10, lita 200 ne, jarka takwas ta 'yan garuwa. A fako mafi yawansa gudu yake yi zuwa kwari, ya tafi da ƙasar sama. Ko rabinsa ka tare a gindin dashe, ka sama masa jarka huɗu kyauta.

Da rani ake haƙa, ba bayan an fara ruwa ba. Fara da gano gangare: zuba bokiti ɗaya ka ga inda ruwan ya nufa. Don itace, haƙa rami mai faɗin kamu ɗaya da zurfin kamu ɗaya, wato wajen santimita 50, ka ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. In ka tarar da wata ƙasa mai tauri a gindin ramin, fasa ta da dagi, in ba haka ba ka haƙa tukunya ce kawai, saiwa za ta yi ta kewaya a ciki. Gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin gida, ba ɗanye ba, ka mayar. Ƙasar da ka ciro daga ƙasa ka yi kunya da ita a ɓangaren gangare.

Kunyar nan in ka faɗaɗa ta, ita ce rabin wata da ake yi a Nijar. Kafa turke, ɗaura igiya mai mita biyu, zana rabin da'ira wadda bakinta ke kallon tudu, inda ruwa ke gangarowa. Kwashe ƙasar ciki zurfin santimita 15 zuwa 25, ka tara ta a bayan layin ka daddaɓe. Layi na biyu kada ya zauna daidai bayan na farko, a saɓa su kamar ɓawon kifi, don ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu ya faɗa na uku. Hekta ɗaya takan ci kimanin 300. Itacen a dasa shi kusa da kunya ta ciki, a ɗan tudu kaɗan, don kada ya nutse ranar ruwa mai yawa.

Na hatsi kuma tassa ce, wadda Mosawa ke kira zai. Marigayi Yacouba Sawadogo na Yatenga a Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, shi ya faɗaɗa tsohon ramin kakanni ya ƙara masa taki bayan farin da aka sha, daga baya manoman Illela a jihar Tawa suka je suka gani suka kawo gida. Shi da Rinaudo duk sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ramin faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara kusan taku ɗaya, a zuba taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan fari ya bi su ya nutse. Amma tassa ta fako ce. A tsabar yashi iska na cike ta, a laka mai yawan ruwa kuma shuka na ruɓewa.

Mataki na shida: dasawa da ban ruwa

Jira damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu har zurfin kamu, galibi cikin Yuli. Wanda ya bari sai Satumba ya riga ya cuci dashen, don kwanakin da saiwa za ta bi danshi ƙasa sun ƙare. Dasa da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana. Yanke gindin ledar da wuƙa kamar kaurin yatsa, tare da saiwar da ta nannaɗe a wurin, tsaga gefe, cire ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wuyan dashen ya zauna daidai inda yake a leda. Taka ƙasar kewaye da dunduniya don kada iska ta rage a ciki. In ganyen ya yi yawa, rage kashi ɗaya cikin uku, ka yi masa abin da kuka ke yi wa kanta.

Yanzu ga inda na kashe nawa. Saiwa danshi take bi. Gwangwani ɗaya kullum yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, rana ta shanye rabi kafin azahar, saiwa kuma ta tare a nan sama inda ƙasa ta fi zafi. Ruwan da za ka raba kwana bakwai, tara shi ka ba shi rana ɗaya: lita 15 zuwa 20 sau ɗaya a mako, a jigawa kuma duk kwana huɗu ko biyar. Zuba a hankali, rabi ya tsotse sannan ka ƙara rabi. Saman zai bushe, ƙasan ya zauna da laima, saiwa ta ga ba ta da zaɓi sai ta bi shi. Washegari ka soka sandar ƙarfe a gefe, inda ta tsaya da sauƙin shiga nan ruwanka ya kai. In bai kai kamu ɗaya ba, ka ƙara yawan ruwan, ba yawan ranaku ba. Da asuba ko bayan la'asar sakaliya ake yi.

In ruwan saye kake, binne tulu. Sabon tulun ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba, ka cika shi ka ajiye a inuwa tukuna, in bayansa ya yi gumi ya yi kyau. Binne shi har wuya, kamar tafi biyu daga dashen, ka cika, ka rufe bakin da kasko saboda sauro da rana. Abin daɗinsa, shi yake auna kansa: in ƙasa ta bushe takan tsotsa da ƙarfi, in tana da laima sai yoyon ya ragu. Manoman ƙasar Sin sun san wannan fiye da shekara 2000. Ruwa mai laka yana toshe shi, sai a bar shi ya kwanta kafin a zuba. In babu tulu, yanki bututun roba mai tsawon kamu ɗaya, ka huhhuda gefen da zai kalli dashen, ka kafa shi a tsaye a cikin ramin tun ranar dasawa, ka riƙa zuba ruwa ta ciki. Saman ƙasa zai zauna a bushe, ciyawa ba za ta fito ta yi masa kishiya ba.

Kada ka sa takin zamani da rani, musamman yuriya. Zai tura sabon ganye mai laushi wanda ƙofofinsa ke zubar da ruwa a lokacin da itacen ke ƙoƙarin tsuke bakin aljihu.

Mataki na bakwai: yi wa ƙasa kaki, yi wa iska shinge

Abin da kaki ke yi wa ganyen tumfafiya, shi rufi ke yi wa ƙasa. Shimfiɗa karmami, ƙaiƙayi, buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu huɗu, faɗin taku ɗaya kewaye da dashen, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikin karan saboda gara da ruɓa. Ka ɗaga rufin da tsakar rana ka sa hannu, ka kuma taɓa ƙasar da ke fili, ba sai an yi maka bayani ba. Inda dabbobi ke cinye ciyawa ko iska ke kwashe ta, jera duwatsu, suna aiki.

Iskar hunturu ma tana shan ruwan ganye sosai, don tana share ɗan tururin da ke kwance a fuskarsa, wanda gashin sabara ke riƙewa. Kafa 'yar zana ko darnin karan dawa a arewa maso gabas. Shinge yakan kare fili mai nisan kusan ninki goma na tsawonsa, kuma wanda iska ke ɗan ratsawa ya fi toshe ɗin. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun 1975 aka fara jera layukan darbejiya don wannan aiki.

Akuya kuwa ta fi fari kisa. Kewaye kowane dashe da ƙayar magarya ko kwando marar gindi. Don shinge mai ɗorewa, sari rassan aguwa a ƙarshen rani ka kafa su a jere, ruwan jikinsu zai riƙe su har damina ta zo su yi saiwa. Ka dai kiyayi idonka daga ruwanta da na tumfafiya.

Mataki na takwas: karanta ganye, sannan ka yaye

Ba duk yaushi ne kukan ƙishi ba. Dawa da gero sukan naɗe ganye da tsakar rana kamar tabarma don rage fuskar da ke kallon rana, da yamma su warware. Su da masara da rake suna da tsarin da ake kira C4, wanda ke tattara kabon a cikin ganye ta yadda ba sai sun wangale ƙofofi ba, shi ya sa kusan rabin ruwan da alkama ko shinkafa za ta sha ya ishe su su yi girma iri ɗaya. Je ka firkin Borno ko arewacin Kamaru ka ga masakwa: a dasa ta bayan ruwa ya janye, ta nuna da laimar da baƙar laka ta riƙe, ba tare da ɗigon ruwan sama ba.

Don haka da asuba ake duba dashe, ba da azahar ba. In ya yi yaushi da rana amma ya miƙe kafin fitowar rana, ƙyale shi, yana aikinsa. In ka same shi a langwaɓe da sassafe, ranar ban ruwa ta yi. In ganyen ƙasa yana rawaya alhali ƙasa a jiƙe take, ruwa ya yi yawa, saiwa na shaƙewa. Kariya da alobera an fi kashe su da alheri fiye da sakaci.

Yaye a hankali ake yi. Farkon ranin farko mako-mako, cikin sanyin Disamba da Janairu ka ja zuwa kwana goma ko mako biyu, daga Maris zuwa saukar ruwa ka koma mako-mako, don nan ne mutuwa take. Rani na biyu, aduwa, gawo, magarya da bagaruwa sau ɗaya a wata ya ishe su, da yawa ma ba sa nema. Mangwaro, gwaiba da lemo ba 'yan fako ba ne, za su ci gaba da jiranka shekaru, sai dai tulu da rufi su rage maka wahala.

Kada ka yi saurin tumɓuke wanda ya zubar da ganye. Kankare ɓawon da farce: in ka ga kore da danshi a ciki, barci yake. Kuka da zogale sukan tsaya tsirara duk rani. Ɗan gawo kuma yakan shekara bai wuce gwiwa ba, har ka ce ya ƙi, alhali saiwarsa ta ninka tsawonsa sau da yawa. In ya girma za ka ga ya juya wa kowa baya: ya yi ganye da rani saboda ƙafarsa na cikin ruwan ƙasa, ya zubar da shi farkon damina. Ganyen da ya zuba taki ne, inuwa kuma babu, sai ka shuka geronka har gindinsa.